Watannin Yumɓu da Na Zuba a Rijiya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Haruna, wanda ya koyar a firamare a Gubuchi har ƙarshen rayuwarsa. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi, ana tsakiyar yankan dawa. Ya bar mata da 'ya ɗaya, Rukayya, tana da shekara goma sha biyu. Ya kuma bar wani zargi a kan sunansa, wanda na san ƙarya ne, ban kuwa taɓa ƙaryata shi ba.

Yaya mutum ne mai son abin da ke sama, musamman watanni. Ba namu na azumi da Sallah kaɗai ba, har waɗanda ke zagaya sauran duniyoyi. Wani tsohon littafi mai hotuna ya samo a Zariya, daga nan muka shiga uku da bayani. Da ya ga baki bai isa ba, sai ya kwaɓa yumɓu ya mulmula ƙwallaye, wasu kamar goruba, wasu kamar lemo, ya rataye su da zare a azarar zaurensa. Ɗaya ya shafa wa rabinsa baƙin tukunya, rabin farar ƙasa, ya ce wani watan duniyar Zuhalu ne, haka Allah ya yi shi. Wani ya tsattsaga shi da tsinke ya ɗiga jan fenti, wai watan duniyar Mushtari ne da duwatsunsa ke aman wuta. Akwai mai sumul, wanda ya ce samansa ƙanƙara ce, masana kuma na kyautata zaton teku ne a ƙarƙashinta. Ni dai nakan saurara ne don akwai shayi.

Mutanenmu ba su da mugunta, amma suna da ido. Ƙulle-ƙulle a rataye a zaure, wani baƙi wani ja, ga mai gidan yana ambaton Zuhalu da Mushtari, sunayen da ba su saba ji ba sai a bakin masu duba. Abin da ya ƙarasa shi, wata rana bayan La'asar ya ce akwai wani ƙaramin wata na duniyar Mas da ke fitowa daga yamma ya faɗi gabas. Gaskiya ya faɗa, amma kowa ya san abin da fitowa daga yamma ke nufi a wa'azi. Daga ranar aka fara janye yara daga ƙofarsa. Shi kuwa, da taurin kansa, bai ga dalilin da zai bi gida gida yana rantsuwa ba.

Kwana bakwai da rasuwarsa, Kawu Ado, babba a danginmu, ya ce a sauke kayan nan a raba gidan da su. Ni aka sa. Na hau turmi na tsinke zarurrukan, na tara su a kwando, na kai tsohuwar rijiyar bayan gari na juye. Na san sunan kusan kowanne. Amma a lokacin ina neman auren 'yar gidan mutane masu tsantseni, ban so a ce ni ma da hannuna a ciki. Wannan shi ne dalilina gaba ɗaya, kuma ba dalili ba ne mai kyau.

Rukayya yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Ikara. Kwanakin baya ta zo suna gidana, da hantsi ina zaune a inuwa na ga ta duƙufa a kan waya. Na ce mata ashe masu duba marasa lafiya ma suna da tasu cutar. Ta yi dariya ta nuna mini. Wani wasa ne da mutum ke kafa sansani a sararin samaniya, ya aika jirage, ya kama wata bayan wata kafin abokan hamayya su riga shi. Kowane wata da amfaninsa: wannan a haƙo ƙanƙara, wancan a ɗebo iskar gas, mai aman wuta kuma ya ba ka lantarki amma ya riƙa cinye gine-ginenka. Tana murza allon sai ga wani ya juyo, rabi baƙi rabi fari.

Na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga wannan. Na tabbata zai fara da mita. Shi kallo ya sani da mamaki, bai taɓa tambayar me za a samu a wata ba, ga shi an mayar da su kamar fadama, kowa na rige-rigen shata iyaka. Zai kuma kama su da kuskure, don a wasan ana zuwa daga wata zuwa wata kamar daga Makarfi zuwa Kudan. Bayan ya gama mitar, zai karɓi wayar, kuma mai ita ba za ta sake ganinta ba sai caji ya ƙare.

Na ce mata, “Wannan babanki ya taɓa yin irinsa da yumɓu.”

Ta ɗago. “Baffa, wai abubuwan nan na zaure?”

Na ce su ne, na lissafa mata waɗanda na tuna. Ta tambaye ni ko na sani tun a lokacin, na ce na sani. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Ummanta ta sha gaya mata cewa kayan karatu ne, amma ita matarsa ce, dole ta kare shi. 'Yan'uwansa kuwa, da suka fito ciki ɗaya, babu wanda ya ce uffan, kuma ta ga wanda ya ɗauki kwandon.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa. Littafin gara ta cinye, zauren an mayar da shi shago, cikin ɗalibansa ban ji wanda ya zama masanin taurari ba. Kawu Ado da rabin waɗanda suka yi zargin sun riga sun bi shi. Abin da ya rage shi ne sunansa, shi ya sa nake shaidawa a nan, a makare: Malam Haruna bai yi duba ba, bai yi tsafi ba, malamin makaranta ne da ya so ya nuna wa yara girman halittar Ubangiji. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana.

Da Rukayya za ta tafi, ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ta saba. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, “Baffa, shekara goma sha ɗaya ina yi masa addu'a, kullum ina tsoron ba za a karɓa ba.”