Dutsen Tokare Taya

Ni ba a kai ni boko ba, amma duk abin da ke da taya na san halinsa tun ina 'yar ƙwaila. A Roni, in mahaifina ya ɗoro dawa a amalanken shanu za mu hau tudu, ni ke bin baya da dutse a hannu. Shanu na tsayawa su numfasa, sai in cusa dutsen a ƙarƙashin taya. Ka yi jinkiri, kaya da shanu su dawo kanka. Ni kuwa ban taɓa jinkiri ba.

Shi ya sa hankalina ya ƙi kwanciya ranar da ɗana ya ɗebe mu daga Kazaure zuwa wurin wasan yara a birni, da ƙaramar Sallah. Akwai wani jirgin wasa a kan layin dogo. Dogon ya miƙe sama, ya lanƙwaso, ya murɗe kamar igiyar guga. Na leƙa gaba, babu direba. Jikana kuwa, wanda nake tsokana da angona, har ya shige an danne masa cinya da ƙarfe.

Na ce, "Ango, sauko! Wa zai taka birki?"

Ya ce, "Amarya tsoro take ji! Zauna ki ci gyaɗarki."

"Ja'iri. In ka faɗo, ba zan yi maka takaba ba."

Jirgi ya kama hawa, ƙaƙas, ƙaƙas, ƙaƙas. Na zauna, na miƙe, na sake zama. Saura ƙiris ya kai ƙoli aka ɗauke wuta. Kiɗa ya mutu. Ga angona can sama a rataye, hularsa kamar ƙwayar gero.

Abin da ya tsaya a kan tudu, baya yake dawowa. Wannan ba sai an faɗa min ba. Ban san sa'ad da na fizgi dutse daga gindin fulawa ba. Na ɗaure gyale a ƙugu, na nufi shinge, ɗana na bina yana, "Iya! Iya, ina za ki?"

Mai kula da jirgin ya tare ni. "Hajiya, wa za ki jefa?"

"Tokarewa zan yi, ɗan nan! Matsa!"

Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce ƙarar nan da na ji haƙora ne a jikin dogo, wani ƙarfe a ƙarƙashin jirgin ke faɗawa cikinsu ɗaya bayan ɗaya, don haka baya ba ya komawa. Birki kuma ba a jirgi yake ba, a dogo yake. Iskar da inji ke hurawa ce ke riƙe shi a buɗe. Wuta na tafiya, sai ya damƙe da kansa.

Na ce, "Wato kowane taku da dutsensa?"

"Haka ne, Hajiya. Ajiye naki."

Na ƙi. Sai da aka tada janareta, jirgi ya haye, ya zubo da ihu, ya zagayo, ƙarafan birkin suka kama shi a gabana, cak.

Angona ya fito, ya dubi hannuna. "Amarya, ni za ki rotsa?"

Na kamo wuyan rigarsa na jawo shi jikina. A nan ne yatsuna suka saki dutsen.