Uban da Aka Ce Ya Fasa Rediyo

Duk mutanen layin da sunan Injiniya suka san shi, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a shago ɗaya, tsakanin na tela da na mai sayar da fenti, yana gyaran rediyo da talabijin da fanka, daga baya har da waya, da ya ga zamani na neman wuce shi. Shagon bai fi taku huɗu ba: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, da kantoci cike da matattun rediyoyin da masu su suka kawo suka manta. Mutum ne ɗan ƙarami mai ƙaton tabarau, kuma in yana aiki sai ya haɗe gira ya turo baki kamar wanda aka yi wa laifi. Ba fushi ba ne, ido ne ya fara rauni. Wannan haɗe girar ce ta jawo masa abin da ya shekara tara yana bayani.

'Ya'yansa huɗu. Uku na farko ko ƙamshin shagon ba sa so, autar ce ta biyo shi. Tun tana 'yar shekara biyar, in an tashi daga makaranta sai ta zo ta ɗare kan wata tsohuwar talabijin, duk tashar da ya kamo don gwada rediyo sai ta bi waƙar da ake yi. Shi ya fara gane cewa yarinyar ba ta ɓata kari. Shi ya haɗa mata makirufo daga tarkacen shago, ya jona shi da lasifikar wata mota da aka yar.

Shekarar da ta gama sakandare aka yi shelar gasar waƙa a talabijin. Uwarta ce ma ta ƙi. Ta ce ba 'yarta za a tsayar gaban duniya wasu alƙalan gasa uku su riƙa taɓe mata baki ba. Kwana huɗu Injiniya ya yi yana lallashi kafin ta ce su je, amma babu ruwanta. Shi ya ɗauki Auta a babur, shi ya tsaya a layi tun safe har rana ta karkata, riƙe da jakarta da gorar ruwa, yana korar masu neman shiga gabansu.

Ta haye zagaye na farko, ta haye na biyu. A mako na huɗu sai masu shirin suka zo ɗaukar hoton iyali. Shugabarsu wata mata ce mai zaƙin baki, kalma biyu sai ta ce "Babanmu".

"Babanmu, ka ci gaba da aikinka kawai, kamar ba ma nan."

Aikin da ke gabansa ranar kuwa wata rediyo ce da ta faɗo daga kan kanta, murfinta ya loɓa. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana miƙar da shi. Awa uku suka yi. Ya nuna musu makirufon da ya haɗa, ya ba su labarin layin da ya bi, har da faɗan da ya yi da wani mai gadi. Suka zaunar da Auta kusa da tebur, hayaƙin dalma na shiga mata ido, matar ta yi ta juya tambaya ɗaya: ba a taɓa hana ta waƙa ba? Ko sau ɗaya? Ta yi tunani ta ce, to, sau ɗaya Baba ya ɗauke mata rediyo, lokacin jarrabawa. Mako guda ne, kuma ita ma ta san ta cancanta.

Ranar Asabar da yamma falonsa ya cika da maƙwabta masu son kallon shirin. Aka nuno Auta tana share ido, wani kiɗa mai sanyi na tashi a hankali. "Baba ya ɗauke min rediyo," in ji ta. Sai ga fuskarsa ta cika allo, gira a haɗe, baki a ture, guduma na sauka kan rediyo, kwas, kwas. A cikin hirar ya ce musu, "Mutane na cewa waƙa ba sana'a ba ce, ni kuwa ban yarda ba." Abin da ya fito a talabijin kalma biyar ne: "Waƙa ba sana'a ba ce."

Tela, maƙwabcin shagonsa, ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

"Injiniya, ashe haka kake?"

"Haka nake yaya? Kai da ka shekara goma sha uku kana jin muryarta ta bango! Ba kai ka riƙe min tsani na ɗaura mata lasifika ba?"

"Haka ne," in ji Tela yana girgiza kai. "Amma ai yanzu na gani da idona."

Washegari Auta ta kira shi daga masaukin 'yan gasa tana kuka. Ta ce ta je ta sami shugabar masu shirin, an nuna mata takardar da ta sa wa hannu, wadda ta hana ta musanta duk abin da aka nuna. Ta ce kuma ƙuri'unta sun ninka. Ya ce ta share hawaye ta kula da muryarta, in an gama gasa kowa zai manta.

Ba a manta ba. Ta zo ta biyu, wani manaja ya ɗauke ta, ya raɗa mata suna Kanari, kuma waƙar farko da ya sa aka rubuta mata sunanta "Baba Ka Bar Ni". Abin haushin, waƙar ta yi daɗi. Shi kansa ba zai iya cewa ba ta yi ba. Ta shiga motocin haya, ta shiga shagunan aski, ta shiga bakin 'yan makaranta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sana'arsa. Zai yi awa biyu a kan matacciyar rediyo, ya gano inda ta ƙone, ya canza, ya murɗa, abu na farko da za ta yi in ta farfaɗo shi ne ta roƙe shi da muryar 'yarsa ya bar ta. Wata rana sau shida ya ƙirga. Har ya koma gwada rediyo a tashar da ake karanta farashin kayan gona.

Mutane suka fara zuwa kallonsa. Wata dattijuwa ta kawo rediyo lafiyarta lau, ta aje, ta zauna ta yi masa nasiha ta rabin awa kan haƙƙin 'ya'ya mata, ta ɗauki abinta ta tafi. Wani shugaban makaranta ya aiko masa takarda yana so ya zo ya yi wa iyaye jawabi a matsayin uban da ya gane kurensa. Duk wanda ya tsaya sai Injiniya ya cire tabarau ya fara daga farko: babur, layi, gorar ruwa. Su saurara da ladabi, su ce, "Allah sarki, ai nadama ma wani abu ce."

A gida ma bai huta ba. Matarsa, wadda ta ce babu ruwanta, ita jaridu suka mayar uwar da ta tsaya wa 'yarta. A kasuwa har ƙari ake yi mata.

"Maman yara, ke ba za ki buɗe baki ki gaya musu gaskiya ba?"

"To ni na ce su faɗa? Gaishe ni suke yi, in amsa. So kake in tare mai tumatir in ce masa ya rage min?"

Ita kuwa Kanari tauraronta ya yi ta hawa. Ta koma babban birni, ta fitar da kundi biyu, ta yi tallar sabulu, hotonta ya hau allon da ke bakin gada. Duk Lahadi tana kiransa, kuma duk sabuwar waƙa shi take fara turo wa. In ya ce mai ganga ya danne muryarta, sai ta koma ta sa a gyara. Amma a kowace hira sai an tambaye ta ko mahaifinta ya sauko, ita kuma ta yi murmushi ta ce suna nan lafiya, manaja na tsaye bayan kyamara yana gyaɗa kai.

A shekara ta shida abubuwa suka juya. Gasar ta fitar da sababbin yara, kundinta na uku bai yi kasuwa ba, sannan muryarta ta dushe. Likita ya ce wata uku kada ta yi magana ko da raɗa. Ta dawo gida da akwati biyu da littafin rubutu a rataye a wuya. Injiniya ne ya riƙa rufe shago yana kai ta asibiti, yana zaune a benci ma'aikatan jinya na nuna shi da baki.

Muryar ta dawo, amma gayyata ba ta dawo ba. Sai manajan ya zo da kansa har shago, da turarensa da ya danne warin dalma, ya ce ya samo mafita: shiri na musamman kai-tsaye, uba da 'ya za su sasanta a gaban jama'a.

"Mu sasanta me? Jiya ita ta yanke min farce."

"Baba, labari ne. Jama'a sun ga farkonsa, suna jiran ƙarshensa."

Ya kore shi. Amma da ya koma gida ya tarar da Auta zaune a tsakar gida tana kallon waya da ba ta ƙara, ya tsaya ya daɗe yana dubanta, ya ce wa matarsa ta goge masa rigarsa mai ruwan toka.

A gidan talabijin aka shafa masa hoda, aka miƙa masa kati mai layi biyu: "Na yi kuskure, 'yata. Ki yafe mini." Aka kuma ba shi sabuwar rediyo a kwali da zai miƙa mata. Ya juya bayanta ya duba, ya ga irin waɗanda ba sa wata biyu ne, ya tsuke baki. Ya yi niyyar karanta katin, wallahi ya yi niyya. Amma da fitilu suka haska, aka sake nuno hoton gudumar nan a ƙaton allo, mutane suka yi ta cewa "wayyo", sai ya ji wani abu ya taso masa. Ya aje katin a cinya ya faɗi komai, tun daga makirufon tarkace har yadda aka yanke masa magana.

Mai gabatarwa ya dafa masa hannu, ya juya ga kyamara da murya mai taushi. "Kun gani, jama'a. Ba ƙaramin abu ba ne uba ya amsa laifinsa."

Nan Auta ta karɓe makirufo. Ta ce duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, bai taɓa fasa mata komai ba, in ba don shi ba da ba ta zo nan ba, kuma ita ce ta yi shiru shekara shida don tsoron takarda. Ɗakin ya ɗauki tafi, wasu har da miƙewa. Injiniya ya ji sanyi a ransa, har sai da ya jiyo wata mata a layin gaba tana cewa, "'Yar albarka, har yanzu rufa masa asiri take yi."

Ya miƙe ya yi ficewarsa. Ƙofar da ya buɗe ta ɗakin ajiye tsintsiya ce, kuma kyamara na binsa. Kafin ya iso gida guntun hoton ya zagaye wayoyi: uban Kanari ya fice a fusace. Tsohuwar waƙar ta sake tashi, gayyata ta dawo, manajan ya aiko masa da godiya.

Auta ba ta sabunta yarjejeniya da manajan ba. Ta dawo garinsu, ta kama ɗakuna biyu a saman wani kantin magani, tana koyar da waƙa da rana, ƙarshen mako ta yi wasa a ƙananan zauruka da makaɗa uku. Allon bakin gada wata ce a kai yanzu. Ba ta yi suna irin na da ba, amma tana cin abinci a kan lokaci, kuma tana dariya fiye da da. Shi kuma ya daina bayani. Wanda ya zo da nasiha sai ya nuna masa benci ya ci gaba da aikinsa.

Bara wata 'yar jarida ta zo, tana rubutu kan waɗanda gasar ta fitar da inda suka ƙare. Da farko ya ƙi, Auta ta ce wannan ta daban ce. Ta zauna awa biyu, ba kyamara, sai biro da takarda. Ta je ta tambayi Tela, wanda yanzu ya ce shi dama tun farko bai yarda da abin ba. Da jaridar ta fito Injiniya ya rufe shago ya zauna ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. An rubuta babur, an rubuta layi, an rubuta jimlarsa cikakkiya yadda ya faɗe ta. Shekara tara, yau ga shi a rubuce. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kai sakin layi na ƙarshe, inda aka ce mahaifin nata, wanda kafinta ne, har yanzu yana sana'arsa a shagonsa.

Ya kira ofishin jaridar sau uku, aka ce za a gyara. Kafin mako ya ƙare mutum biyu sun kawo masa kujeru, wata mata kuma ta turo ƙyauren kabad a baro, tana cewa ta karanta labarinsa, ta ga mutumin kirki ne, shi ya sa ta tsallake kafintoci uku ta zo wurinsa.