Masarar da kaji suka ƙi

Kajina ne suka fara tona asirin. Maigidana direban tirela ne. Duk sanda ya ɗauko masara daga Arewa yakan tsaya bakin layinmu a Agege, ya yi wanka ya ci abinci kafin ya wuce tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma kafin ya kashe inji kaji sun cika ƙarƙashin motar suna tsintar abin da ya zube. Rannan ko ɗaya ba ta leƙa ba. Ga tayoyin baya sun durƙusa kamar raƙumi.

Yana banɗaki na zaro takardar kaya daga aljihun rigarsa. Lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, da jikata a duniya, da yatsa nake bin harafi. Masara aka rubuta. Na ɗauki wuƙa, na ɗage tamfol, na farke buhu ɗaya. Duwatsu ne farare, masu ratsin shuni.

"Malam, wannan wace irin masara ce?"

"Ke dai kin cika bin diddigi. Oga ya ce dutsen batir ne, na motocin nan masu cin lantarki. A ƙasashen waje rububinsa ake yi."

"To in abin arziki ne, me ya sa aka raɗa masa sunan masara?"

Shi bai iya karatu ba, yatsa ya dangwala a ƙasan takardar. Sunan ogan kuwa na duba gaba da baya ban gani ba. In kwastan suka kwance kayan nan, wa za a kama?

Na ƙulle mukullin motar a bakin zanina. Da azahar sai ga ogan da kansa, yana ta fara'a.

"Hajiya, ki bar maza su yi aikinsu."

Na miƙa masa biro. "Bismillah, Alhaji. Sa hannunka kusa da nasa, in ba da mukulli."

Bai karɓa ba. Kafin la'asar ya kawo wani direba, na jefa musu mukullinsu.

Wata huɗu Malam ya yi ba aiki kafin ya samu tuƙin danfo, bas ɗin haya. Ko kayan sun wuce lafiya, ban sani ba. Har yau cewa yake ni na raba shi da tirelarsa, ban kuma taɓa musawa ba. Gara ya zauna tsakar gida yana hararata da in riƙa bin layin ziyara a gidan yari.