Tukunyar Iya a Lambun Di'o

Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke riƙe da biro, amma bakin nawa ne, kuma abin da idona ya gani a Potiskum babu mai gyara mini shi.

Lambun Di'o, wato Baturen mulki, fili ne da in ka tsaya a bakinsa ba ka hango ƙarshensa. Darbejiya jere-jere, hanyoyi an yi musu baki da duwatsu an shafe su da farar ƙasa, ga furanni iri-iri da ba a miya da su. Mazan gari aka tara da aikin tilas suka share wurin. Da aka gama sai aka zagaye shi da waya, aka ce ba mai shiga sai ma'aikaci.

Kafin nan wurin jeji ne, can ake kai waɗanda agana ta kashe. Maƙwabciyata, wata 'yar Karai-Karai mai ginin tukwane da muke ce wa Iya, 'yarta ɗaya tilo tana kwance a can. A ƙauyen su Iya, in an rufe mutum sai a kife tukunya a kan kabarinsa. Mu Kanawa ba mu san wannan ba, amma tukunyar da Iya ta gina wa 'yarta, ko ni da ba na yabon kayan kowa na yaba. Ja ce wur, ta zana mata ƙafar zabuwa da irin kitson yarinyar tun daga wuya har gindi. Da ita take gane wurin. Tun da aka kafa waya, sai dai ta tsaya daga waje tana leƙe.

Matar Di'o mai zane ce, wuni take a inuwa tana shafa launi a takarda. Ta ga tukunyar, ta yi mata kyau, ta sa aka ɗauke aka juyo da bakinta sama, aka cika ta da ƙasa aka dasa fure. Sai kuma ta aiko gadinanta mai kula da lambun, wani dogo mai wushirya, wai a nemo wadda ta gina, tana son irinta da yawa.

Iya ta yarda nan take, don ta sami hanyar shiga. Hausarta ba ta nuna ba, sai ta roƙe ni in riƙa raka ta. Ranar da muka kai kayan farko, ta ga tukunyar 'yarta a bakin baranda. Ta taɓa ni, na tambayi gadinan daga ina aka ɗauko ta.

Ya yi dariya ya ce, "Au, Iya, ashe ajiya kika yi mana? Ga shi can, gindin waccan darbejiyar."

Iya ta je ta durƙusa, ta daɗe tana magana da ƙasa da yarensu. Matar Di'o ta hango ta, ta jawo kujera ta hau zana ta. Da Iya za ta miƙe, sai ta ɗaga mata hannu wai ta koma, ba ta gama ba. Iya ta koma ta durƙusa.

Da muka sake kawo kaya, Iya ta nufi darbejiyar, sai gadinan ya ƙwala mata kira. "Ina za ki, tsohuwa? Na tuna, ba nan ba ne. Wajen rijiya ne."

Na ce, "Kai dogo, ka ji tsoron Allah. Rannan ba bishiya ka nuna mana ba?"

Ya ce, "Ke Bakanuwa, da bakinki kamar reza, ke kika ɗauke tukunyar ko ni?"

Masu ban ruwa suka kwashe da dariya. Daga nan abin ya zama wasansu. Yau wajen rijiya, gobe bayan ɗakin dawaki, jibi tsakiyar furanni. Har musu suke yi a kan inda za a tura ta. Na ce mata, "Iya, wasa suke da ke." Ta ce ta sani, amma wataƙila ɗaya daga ciki gaskiya ne. Ta durƙusa a ko'ina, tukwane kuma suna ta ƙaruwa a gefen hanyoyi, dukansu da zanen kitson 'yarta.

Da tukwanen suka ishi matar Di'o, aka ce kada mu sake zuwa. A bakin waya Iya ta riƙe rigar gadinan da hannu biyu, tsohuwa da furfurarta, ta ce, "Ɗana, don uwarka, faɗa mini na gaskiya."

Ya fizge rigarsa ya kakkaɓe. Ya ce, "Iya, ni daga Fika aka kawo ni. Na zo na tarar da tukunyar a baranda. Ban taɓa sanin wurin ba."

Iya ta tsaya tana duban filin ta cikin waya, daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ta ce mini mu tafi, ta bar wuta a murhu.