Ɗiyar Malam Hassoumi ta Vénissieux

Malam Hassoumi mutumin Tahoua ne, amma shekarun da ya yi a Faransa sun kusa ninka waɗanda ya yi a gida. Ya sauka Lyon yana saurayi, ya yi aikin ƙarfe a wata masana'anta a Vénissieux da ke gefen birnin, daga baya ya komo Paris. Shekara talatin da 'yan kai yana cikin rumbunan 'yan sari na Aubervilliers, a gefen Paris. Ya yi dako, ya yi gadi, a ƙarshe ya zama mai haɗa wa 'yan kasuwar Maraɗi da Kano kaya a kwantena. Bai tara dukiya ba, amma ya tara mutunci. Duk ɗan Nijar da ya sauka unguwarsu La Courneuve bai san kowa ba, baƙonsa ne. Idan miji da mata suka saɓa, shi ake kira, ya zauna tsakiyar falo ya yi ta magana a kan haƙƙin iyali har su ji nauyi su shirya.

Matarsa Hajiya Ameena ta rasu shekara biyar da suka wuce. Ɗiya ɗaya aka sani gare shi, Mardiya, mai aiki a kantin magani, tana zaune da mijinta da yara uku a gida mai ɗaki biyu.

Cikin azumin bara, yana alwalar la'asar, ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan wata biyu a asibiti bakinsa ya dawo, amma hannu da ƙafar dama suka ƙi. Gidansa kuwa a hawa na bakwai yake, asansar ɗin benen, wato na'urar hawa da sauka, sai ranar da ta ga dama take aiki.

Wata ma'aikaciyar asibitin, mai kula da inda marasa lafiya za su nufa bayan sallama, ta zaunar da Mardiya ta zayyana mata hanyoyi. Zai iya komawa gidansa, hukuma ta biya wani kaso na kuɗin mai zuwa taimaka masa, amma 'yan awoyi ne a yini, shi kuwa ko ban ɗaki ba ya iya shiga shi kaɗai. Akwai gidajen tsofaffi masu sauran ƙarfi, kowa da ɗakinsa da wurin girkinsa, amma ya wuce nan. Abin da ya rage shi ne gidan jinyar tsofaffi, wanda suke kira EHPAD, inda ake da ma'aikata dare da rana.

Mardiya ta ce ba ta san wannan zancen ba. Mijinta ma ya yarda a mayar da yara falo a ba tsoho ɗaki. Malam Hassoumi ne ya ƙi. Ya ce ba zai kwanta ɗiyarsa ta wanke shi a gidan surukinsa ba. Aka kawo batun komawa Tahoua, sai aka tarar 'yan'uwansa duk sun rasu, kuma ƙarin da ake yi masa a kan kuɗin ritaya sai mazaunin Faransa ake ba.

Kuɗin ritayar nan ko rabin kuɗin gidan jinya bai kai ba, domin yawancin shekarunsa a hannu aka riƙa biyansa, ba takarda. Ma'aikaciyar ta ce hukumar yankin na iya cika sauran, amma da sharaɗi: sai ta nemi dukkan 'ya'yan mutum, duk inda suke, ta duba abin da kowanne ke samu, ta yanka masa nasa kaso.

Ranar wata Talata da hantsi Mardiya ta zauna a bakin gadonsa tana cika takardun. Ta rubuta sunanta a gurbin 'ya'ya, za ta juya shafi, sai ya ce, "Dakata, ɗiyata. Da saura."

Ta ɗaga kai. Ya juya fuskarsa bango, a haka ya ba ta labarin. A Vénissieux ya auri Afra, ɗiyar wani abokin aikinsa ɗan Aljeriya. A masallaci kawai aka ɗaura auren, amma da aka haifi yarinya shi da ƙafarsa ya je ofishin magajin gari ya sa sunansa a takardar haihuwarta. Nour sunanta. Tana da shekara uku aka sallami ma'aikata, ya ce zai je Paris neman aiki, in ya samu ya aiko su zo. Wata shida bai samu ba, ya ji kunyar komawa hannu rabbana. Da ya samu kuma, sai ya ji kunyar daɗewar da ya yi. Haka shekara ta bi shekara. Ko Hajiya Ameena ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Mardiya ta sake ɗaukar biro. Ta tambaye shi yadda ake rubuta sunan, da ranar haihuwa. Ranar ba ta ɓace masa ba, ya faɗa mata kai tsaye.

An samu gurbi a wani gidan jinya da ke arewacin Paris, aka kai shi. Magana ta yawata cikin 'yan gida cewa Mardiya ta kai ubanta gidan tsofaffi kamar 'yar Nasara. Ta daina zuwa suna da biki. Shi kuma ya san shi ya ja mata, amma abin da ya fi hana shi sakat shi ne takardar da ya san ta tafi Lyon: bayan shekara talatin da tara, saƙon farko da Nour za ta samu game da ubanta shi ne na neman kuɗi.

Wata uku bayan haka, ran Lahadi da azahar, aka ƙwanƙwasa ɗakinsa. Doguwar mace ce, furfura ta fara taɓa mata gaban goshi. Bai buƙaci a gaya masa ba, goshin mahaifiyarsa ne sak. Mardiya na wurin, ta miƙe ta ba ta kujera.

Da Faransanci aka yi magana, don Nour ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta ce tana tuƙa taram, jirgin ƙasan cikin gari, a Lyon, tana da ɗa guda, har yanzu a unguwar Minguettes ta Vénissieux take. Mahaifiyarta ta rasu shekara takwas ke nan. Ta yi sharar ofisoshi har ƙafafunta suka gaza, kuma ba ta yarda an sauya gida ba sai da aka rushe benen, wai kada ya dawo ya rasa su.



Nour ta ce an shaida mata tana iya zuwa gaban alƙali a yafe mata kason, tunda uban bai riƙe ta ba. Abin da ake buƙata kawai ta rubuta yadda aka yi.

"Na zauna sau biyu zan rubuta," in ji ta, "na ga ba zan iya shimfiɗa rayuwar uwata gaban baƙo ba. Zan biya. Amma kada ka ɗauka yafiya ce. Ban san ko na yafe ba."

"Ban roƙa ba," ya ce. "Ba ni da fuskar roƙo."

Ba ta yi awa guda ba ta tashi, jirgin ƙasan da za ta hau na ƙarfe biyar ne. Mardiya ta raka ta tasha, suka karɓi lambar juna.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya dattawan ƙungiyar 'yan Nijar suka zo gaishe shi, su biyar. Bayan an gama doguwar gaisuwa, ɗayansu ya soma zagaye-zagaye a kan 'ya'yan zamani da ba su san darajar iyaye ba. Malam Hassoumi ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da shi. Ya ce Mardiya ba ta da laifi, shi ya zaɓi wurin. Sa'annan ya gaya musu batun Nour, bai rage komai ba, idonsa a kan bargon da ke cinyarsa. Biyu daga cikinsu ba su sake zuwa ba.

Yana nan a ɗaki mai taga ɗaya a hawa na biyu. Wata ma'aikaciya 'yar Mali ce ke yi masa wanka, ya koyi yin taimama da hannun hagu. Mardiya na zuwa Laraba da Lahadi da tuwo a kula. Nour ba ta sake zuwa ba, kasonta dai yana shiga kowane wata. Da ƙaramar salla ta aiko wa Mardiya hoton ɗanta ta waya. Mardiya ta nuna masa, ya duba ya daɗe, ya tambayi sunan yaron. Ta ce Mika'il. Ya ce ta rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe, don kansa ya soma mantuwa.