Baba da Dutsen da Bai Hau Ba

Labarin ya iske ni a tashar motar Gembu, ƙafafuna a kumbure, jakata a baya. Malam Isa direba, wanda ke kai bandar kifin Yauri can, ya sauko daga mota bai yi mini barkwancin da ya saba ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, sai haƙuri. Allah Ya yi wa babanka rasuwa, an kai shi tun ranar Juma'a." Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Juma'ar nan ina kan dutsen Gangirwal, inda shi da kansa ya tura ni.

Mahaifina, Malam Garba mai jirgi, a kan ruwa ya yi rayuwarsa, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Yelwa da Wara. Ƙauyen da aka haife shi yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka datse kogi. In muka zo wucewa ta wurin yakan rage gudun inji, fasinjoji ma sun san ba a yi masa magana a nan. Ranar da Malam Isa ya ba shi labarin wani dutse a ƙasar Mambila wanda babu mai tsawonsa a Najeriya, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ni dai kahin in mutu, ina son in tsaya wurin da ruwa bai iya kaiwa." Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba a lokacin. Kowa na zancen ofis da muƙami, Baba yana zancen dutse.

Malam Isa ne ya haɗa mu da Malam Buba, mai yi wa masu hawan dutsen jagora, shi ke kai masa tambaya ya kawo amsa. Malam Buba ya ce a nemi rigunan sanyi da bargo, da guzuri mara nauyi irin su ƙuliƙuli da kilishi da dabino, a kuma sayi takalmi mai rufi a saba da shi tun a gida. Baba, wanda ƙafarsa ba ta san komai ba sai silifa, ya sayo ƙaton takalmi a wurin 'yan gwanjo, ya riƙa shiga jirgi da shi. Abokansa a bakin ruwa suka sa masa suna Soja, yana amsawa kuwa. Inna ta ce, "Malam, da girmanka? Mi ka yasar bisa dutsi da za ka nema?" Ya ce, "Sai na tahi na gani."

Bayan sallar asuba mukan nufi tuddan wajen Birnin Yauri, kowa da ƙullin gero a baya. Hawa kawai Baba yake ɗauka aiki. In mun kai sama sai ya ce gangara kyauta ce, kamar jirgi ya bi ruwa. Da maganar ta kai kunnen Malam Buba, ya aiko cewa wannan tunanin mutanen kogi ne, a dutse saukowa ke cin gwiwa. Baba ya yi dariya har da hawaye. Washegari ya yanko mana sanduna muka fara koyon sauka, a hankali, a kaikaice. Ya ce mini, "In ka shiga ƙasar wani, ka ji maganatai ko da ka haihe shi." Haka yake, ban taɓa ganin ya ji kunyar a gyara masa ba.

Sharaɗi ɗaya ya rage. Malam Buba ba ya hawa da mai shekaru sai likita ya duba ƙirjinsa, domin iskar can sama ba ta ƙosar da huhu. Muka je asibiti tare. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjin Baba, sannan ya ce zuciyar ba za ta ɗauka ba.  Da muka iso gida na ce to, mu bar zancen. Da asuba sai ga shi a ƙofar ɗakina da sandata a hannu. Ya ce, "Kai za ka tahi. Ka buɗe idonka da kyau, ka kawo mini labarin duka, kada ka rage komi."

Daga ranar a gindin tudu yake zama, ni in hau. In na waiwayo sai in hango shi ya ɗaga kai yana bin sawuna da ido. Bai taɓa cewa yana jin ciwon abin ba, amma ɗa ya san fuskar ubansa.

Na hau, Baba. Na buɗe ido kamar yadda ka ce. Da muka kai ƙololuwa da hantsi, gajimare ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu fari fat, kawunan duwatsu sun leƙo kamar tsibirai, na tsaya ina haki ina ganinsa duka daga sama. Duk tsawon saukowa ina shirya yadda zan faɗa maka, inda zan ja maka rai, da inda na san za ka katse ni da tambaya. Yanzu masu ta'aziyya na tambayata me na gani, sai in ce akwai sanyi. Sauran na ajiye shi, domin naka ne, kuma kewarka ta hana ni ba wa wani.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ɗaukaka matsayinsa a Aljanna. Allah Ya ba Inna da ƙannena juriyar wannan rashi, Ya rufa mana asiri a bayansa. Ya kuma haɗa ni da shi a inda ba a rabuwa, in sauke masa saƙonsa. Amin.