Ranar da Mato Ya Shiga Teku

Duk wanda ya san mayankar Oko-Oba ya san Mato Ɗan Agege. Gajere ne, kakkaura, gemunsa duk furfura, kuma shekara arba'in da 'yan kai yana fiɗa wuƙarsa ba ta huda fata, shi ya sa masu sayen ƙiraga ke rububin tasa. Bijimin da samari huɗu ke ja da baya a gabansa, Mato zai tunkare shi yana taunar goro. Amma ka ambaci ruwa, sai ka ga mutumin ya canja. Ko doguwar gadar shiga Eko za a hau a motar haya ta danfo, kujerar tsakiya yake nema, ya runtse ido yana salati har a sauka. Mutum an haife shi a Legas, ya tsufa a Legas, wai ruwa yake tsoro!

Ban da wannan, Mato ba shi da wata damuwa a duniya. Ka ba shi benci da kofin shayi bayan la'asar, ka tambaye shi Agegen da, to ka shirya makara sallar magariba. Zai gaya maka lokacin da bayan gidansu gonakin goro ne na Yarbawa har inda ido ya tsaya, mahaifinsu Malam Talle yana cikin masu ɗaure goron a huhu a loda wa jirgin Kano. Zai gaya maka yadda suke kara kunne a kan dogo su jiyo jirgi tun bai baro Ikeja ba, da yadda ƙamshin burodi ke tashin unguwa kafin ladan ya tashe ta. Ya san gidan da aka fara jawo wa famfo, ya san wadda ta fasa tulu a layin ɗiban ruwan, da wadda ta tura ta.

Labari ɗaya ne ba ya bayarwa, sai dai yayarsa Maimuna ta bayar, ita kuwa ba ta gajiya da shi. Yana shekara bakwai, ranar yawon Sallah, Malam Talle ya kai su bakin teku, Bar Beach. Maimuna, 'yar sha ɗaya, ta tattare zane ta faɗa har gwiwa tana shewa. Mato ya ga ruwa ya miƙe tsaye yana tahowa da ruri, sai ya ruga bayan uban ya ƙanƙame babbar rigarsa. Da aka ɓamɓare shi, sabon wandonsa ya jiƙe sharkaf, alhali teku bai taɓa shi ba.

Ita Maimunar ce ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu, har ta auri wani mai goro ɗan Maraɗi, ta bi shi. Shekara kusan hamsin ke nan, kuma ko a waya gaisuwarta ɗaya ce: “Mai wandon Sallah, ya gida?”

Wata Litinin ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa. Ƙafafu sun kumbura, ido ya dushe, ko tsakar gida sai an riƙe ta.

“Mato, ruwan teku nake so, na wurin da Baba ya kai mu. Kuma kai za ka ɗebo da hannunka. In ka aiki wani, zan gane.”

“Haba Yaya, ruwa ai ruwa ne.”

“Na taɓa roƙonka wani abu?”

Ba ta taɓa ba. Ga shi Abdou, direban tirelar da ke kawo shanu daga can, ranar Alhamis zai juya, ba zai dawo ba sai bayan wata biyu, kuma daga jin muryar nan Mato ya san wata biyu ba abin dogaro ba ne. Matarsa Zuliha ta ga ya kasa cin tuwo, ta ce, “Malam, ka jiƙa gishiri a ruwan famfo mana, wa zai kai ƙararka?” Ya harare ta. Duniya kaf zai iya yi wa dabara, ban da matar da ta goya shi.

Laraba da hantsi ya ɗauki farin galan, 'yarsa Najiba ta ɗauki hutu a wurin aikinta ta raka shi. Ya sha salatinsa a kan gada. Da suka isa, sai ya tsaya yana waige-waige. Ina tekun? Shinge ne, da fili fetal, da dogayen gine-gine can nesa. Wani maigadi ya yi wa Najiba bayani, ita kuma ta juyo: “Baba, ya ce an daɗe da cike wurin da yashi, gari ake ginawa a kai.”

Wallahi daɗi Mato ya fara ji, ba zan ɓoye maka ba. Sai daga baya abin ya soke shi, don inda ubansa ya tsaya da babbar riga yanzu motoci ne ke bi ta kai. Ya kira Maraɗi.

“Yaya, wurin babu shi. Sun cike shi.”

“Tekun duka suka cike?”

“A'a.”

“To,” in ji ta, ta kashe waya.

Kai, wannan mata! Haka suka ƙara shiga mota zuwa wajen Lekki. Ga tekun nan kuwa, bai rage komai ba, rurin nan dai na shekara sittin da suka wuce. Mato ya fara gwada wayo: ya tsaya a busasshen yashi, ya miƙa galan iya tsawon hannu. Ruwa ya zo ya lashi bakin galan ya koma. Sau uku ana haka, abin da ya shiga bai kai cokali ba. Najiba ta ce, “Baba, kawo in shiga, ba zan faɗa ba.”

“Za ta gane,” ya ce. Ya cire takalmi, ya damƙi hannun 'yarsa har sai da ta ce wash, ya yi bisimilla ya taka. Yashi ya dinga zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Igiyar ruwa ta taso ta buge shi har gwiwa, ya saki wata ƙara da bai taɓa yi a gaban bijimi ba, amma bai gudu ba. Ya danna galan cikin ruwa yana jin ɓul-ɓul har ya cika.

Kwana shida bayan tafiyar Abdou, waya ta yi ƙara yana tsakiyar fiɗa. Ya goge hannu ya ɗauka.

“Ya iso. Na buɗe na shinshina, sai ga Baba tsaye, ga ka a bayansa.” Ta yi 'yar dariya. “Wandon ya jiƙe?”

“Ya jiƙe, Yaya. Amma wannan karon teku ne.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta lafa ta ce, “Rabinsa na zuba wa ƙafafuna. Sauran rabin na ce a ajiye a haɗa da ruwan wankana, in ranar ta zo. Ba za ka samu zuwa a kan lokaci ba, Mato, hanya da nisa. To ga hannunka nan a ciki.”

Mato ya juya wa abokan aiki baya, ya daɗe yana goge fuska da gefen riga.

Har yau Yaya Maimuna tana nan, tana kira duk Juma'a, kuma har yau Mato kujerar tsakiya yake nema a danfo. Sai dai yanzu in an zauna shan shayi aka tambaye shi Agegen da, da labarin wandon Sallah yake farawa, da bakinsa.